Wadda Na Cire Daga Labarin Girbin Acca

Ranar wata Laraba ce a watan Yuni, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Terminus da ke Jos. Muna aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar je-ka-ka-dawo da ke bayan kasuwar Laranto, ruwan sama haɗe da ƙanƙara yana dukan kwanon ajinmu har ba ma jin maganar juna. Madam Rifkatu, wadda ke koya mana rubutun insha'i a darasin Turanci, ta gaji da ɗaga murya, sai ta ɗauki alli ta rubuta a allo cewa kowa ya yi musayar littafinsa da wanda ke zaune a bayansa. Na juya na miƙa wa Nkechi da ke bayana nawa ina wani yauƙi, domin a lokacin ban yarda akwai wanda ya kai ni iya rubutu a ajin nan ba, kuma in faɗi gaskiya yabo kawai nake jira. Ƙanƙarar da ta taru a bakin taga ba ta gama narkewa ba littafin ya dawo hannuna. A gefen shafi na biyu, da fensir mai kauri da rubutunta irin na tsutsa, ta ajiye mini tambaya: wa ya goya ki kuka haye rafin? Na karanta sau biyu, na rufe littafin, na danne shi da gwiwar hannu har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Ni 'yar Kuru ce, Kaneng sunana, can aka haife ni, can na yi firamare. Da na ci jarrabawar shiga sakandare sai aka kawo ni wurin ƙanwar babana, Anti Vou, wadda ke sayar da kabeji da karas da koren wake a Laranto. Gidan haya muke, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya a tsakiya, da igiyar shanya ɗaya wadda ake faɗa a kanta kowace Asabar. Kowane ɗaki da yarensa, amma a bakin rijiya da Hausa ake rigima, da ita kuma ake sulhu, kowa da irin tasa. Aikina kafin in tafi makaranta shi ne in cika duro, in share gaban ɗakinmu har bakin kwata, sannan in taya Anti ɓare ganyen kabejin da ya lalace mu kai wa zomayen maƙwabcinmu. Sanyin safiya yakan fasa mana bayan hannu, mu shafa man kaɗanya mu wuce. Da yamma mu 'yan mata mu zana gidan suwe da gawayi a kan siminti muna tsalle da ƙafa ɗaya, ko mu baje muna 'yar carafke da duwatsun da kowa ke ɓoyewa a aljihun rigar makaranta. Nkechi ba a gidanmu take ba, layi biyu ne tsakaninmu, amma kullum tana nan, ta fi kowa iya tsallen igiya, ta kuma fi kowa iya musu. Iyayenta daga Gabas suka zo tun kafin a haife ta. Babanta kwanuka da robobi yake sayarwa, kuma tun da shagonsa ya ƙone a Terminus ya koma kasa kayansa a kan tebur a bakin titi.

Madam Rifkatu doguwa ce siririya, ba ta rabuwa da wata rigar sanyi ruwan toka, kuma ba ta duka. Kallo ɗaya take yi wa mutum ya ji gara a ce bulala ce. Ita ta zo mana da wannan tsari na musayar littafi, abin da ba mu taɓa gani ba. A wurin sauran malamai ka rubuta, a zana maka jan biro, a ba ka maki, magana ta ƙare. Ita kuwa ta ce rubutun farko ɗanye ne, sai ya bi ta hannun wani an sake dafa shi kafin ya iso teburinta. Ta hana mu taɓa jan biro, fensir kawai, ta kuma hana mu farautar kurakuran haruffa, ta ce wannan aikinta ne. Abin da take so ka rubuta wa ɗan'uwanka shi ne abin da ya yi maka daɗi a labarinsa, da inda ka ɓace, da abin da kake so a ƙara gaya maka. Duk wanda ya kumbura fuska don an taɓa rubutunsa, sai ta ajiye Turanci ta ce masa da Hausa, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Masu zaƙewa wajen tonon laifin wasu ma suna da tasu: "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Mun haddace duka biyun, muna tsokanar juna da su har a layin sayen ƙosai.

An ce kowa ya ba da labarin wata rana da ba zai manta da ita ba, ni kuwa na zaɓi ranar girbin accarmu, lokacin ina 'yar shekara tara. Na zuba duk abin da na sani. Na faɗi yadda Baba ya kira gayya, maza suka shiga gona tun raɓa ba ta bushe ba, a jere, kowa da laujensa, mai ganga yana bin bayansu, duk wanda aka bari a baya a sa masa waƙar malalaci har ya ji kunya ya ƙara wuta. Na faɗi yadda mata ke bin sawunsu suna tattara abin da aka yanka suna ɗaure dami, da yadda ƙaiƙayi ke shiga wuya da hammata, da gwaten da Mama ta dafa da yakuwa da gauta a babbar tukunyar da sai biki ake sauko da ita. Har akuyarmu Ja-da-fari da ta tsinke igiya ta tsoma kai a bokitin kunu sai da na sa sunanta. Gonar tana ƙetaren wani rafi ne, bayan shingen ƙerana, ƙayayyen tsiron nan da ake kewaye gidaje da gonaki da shi a wajenmu, wanda tun muna rarrafe ake hana mu taɓa farin ruwansa don yana lalata ido. Rafin ya kawo ruwa a ranar. Na rubuta cewa an goya ni an haye da ni, ruwa har ƙugu, ina ta ihu ina dariya. Na rubuta cewa da rana mun tono dankalin Hausa a gefen gona muka gasa a toka, aka raba biyu aka ba ni babban rabin. Na rubuta cewa da la'asar mun kwanta rigingine a kan dami muna ƙirga balbelu har aka ƙwala mana kira. Shafi biyu da rabi ne cif, babu gogewa ko ɗaya.

A wurin abin da ya yi mata daɗi, Nkechi ta rubuta mai ganga da waƙar malalaci, don ita a shago ta tashi, ba ta taɓa ganin gayya ba. Sauran duk tambayoyi ne. Bayan ta rafi, ta ja layi a wurin dankali ta ce wa ya ci ƙaramin rabin, ta ja wani a wurin dami ta ce ke da wa. Da aka tashi ta biyo ni har bakin famfo tana tsallake kududdufai, jakarta a kai saboda yayyafi. "Kaneng, akwai mutum a cikin wannan labari naka fa," ta ce da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. "Shi ne ya ɗauke ka, shi ne ya ba ka babban dankali. Ka sa sunan akuya ma, amma shi ba ka sa ba. Abeg, wane ne?" Na ce mata ba ruwanta. Ta ce ai Madam ce ta ce ruwanta ne.

Yayata ce, Chundung. Ta girme ni da shekara biyar, ita ta yi rainona, a bayanta na fara ganin hanyoyin Kuru. Wata biyar bayan wannan girbi, da rani, ta tafi wanki a ɗaya daga cikin tafkunan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, irin masu ruwa kore shar ɗin nan da taku biyu daga baki sai zurfi. Zani ya kuɓuce mata, ta miƙa hannu ta kamo shi, ƙafarta ta zame. Sai washegari aka fito da ita. Mako guda bayan jana'iza Mama ta tattara kayanta ta aika wa wasu dangi a wani ƙauye mai nisa, kuma daga ranar ba a sake kiran sunanta a gidanmu ba. Babu wanda ya kafa doka. Mun dai ga duk lokacin da hira ta nufi can Mama takan tashi ta bar wurin, Baba kuma ya ɗauki fartanya ya hau wasawa ko da jiya ya wasa ta, sai muka koyi kewayewa. Idan baƙo ya tambayi Mama 'ya'yanta nawa, takan faɗi adadin masu rai ta tambaye shi ya hanya. Na tashi ina ganin hakan shi ne ladabi, shi ne kuma tausayin iyaye. Shi ya sa da na zauna rubuta ranar da na fi jin daɗinta a duniya, hannuna da kansa ya cire wadda ta sa ranar ta yi daɗi. Allah ya sani ban ma lura na yi ba sai da 'yar mai kwanuka ta nuna mini.

Haushin Nkechi ya kama ni sosai, ga shi littafinta yana jakata, don nata labarin shafi biyar ne, ban gama karantawa a aji ba Madam ta ce in tafi da shi gida. Ita labarin safiyar da ta biyo bayan gobara ta bayar. Ta faɗi yadda ta bi babanta Terminus, hayaƙi bai gama tashi ba, suka tarar da robobinsa sun narke sun zama dunƙule ɗaya, kwanukan sun yi baƙi sun lanƙwashe. Ta faɗi yadda ya zauna a bakin kwata da makullan shagon a hannu yana kuka da majina, wani mai shayi da bai san shi ba ya kawo masa kofi ya riƙe masa har ya sha. Da na karanta wannan wurin sai na ji kunya ta rufe ni a madadinta. A ce mutum ya rubuta babansa yana kuka a titi, ya miƙa wa 'yan aji su karanta! Na ɗauki fensir na danna har yana huda takarda, na rubuta mata ta cire wurin nan duka, 'ya ta gari ba ta tona asirin ubanta. Da gaske nake, amma akwai ramuwa a ciki, ba zan ɓoye ba.

Washegari Madam Rifkatu ta bi layi tana duba abin da muka rubuta wa juna, ta tsaya a kanmu. Ta tambayi Nkechi ko za ta cire. Nkechi ta girgiza kai ta ce babanta ya riga ya karanta, shi ne ma ya ce ta manta mai shayi, ta koma ta sa shi. Na rasa inda zan sa fuskata. Madam ta ce wa aji mai karatu yana da ikon ya tambaya, mai rubutu yana da ikon ya ƙi, amma ya tabbata ya san dalilin ƙinsa. Sannan ta ɗauki nawa littafin, ta daɗe tana kallon tambayoyin da ke gefe, ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. "Ba dole ne ki amsa ba, Kaneng. Amma kada ki amsa mini da ƙarya." Ta ce a kawo gyararren rubutu bayan hutun rabin zango.

Na fara da hanyar ragwaye. Na rubuta cewa wata 'yar maƙwabtanmu ce ta goya ni, amma ina gama rubutawa na goge har takardar ta yage. Sai na sake sabo, na cire rafin, na cire dankalin, na cire balbelu, na bar gayya da gwate da akuya. Nkechi ta karanta lokacin tara, ta taɓe baki ta ce yanzu ya zama labaran rediyo. Ranar Asabar da rana, Anti ta tafi kasuwa ta bar ni gadin shanya kada ruwa ya sauko, na zauna a bayan ɗaki na buɗe shafin ƙarshe na littafin lissafi, da niyyar in rubuta don kaina kawai, ba don kowa ya gani ba. Na rubuta sunanta, karo na farko cikin shekara huɗu. Daga nan fensir ya tsaya. Na tuna ɗumin bayanta, na tuna ƙanshin hayaƙi da sabulu a wuyanta, amma da na nemi fuskarta sai ta ƙi zuwa. Na kasa tuna ko tana da wushirya. Na kasa jiyo muryarta. Na rufe ido na matse, abin da nake gani kawai ƙeya ce da ɗankwali. Na tsorata ƙwarai, tsoron da ban ji irinsa ba ko ranar da aka kawo gawarta. Maganar maki ta fita daga raina gaba ɗaya. Na gane cewa sauran Chundung yana wurin Mama, kuma ba yadda za a yi in karɓo sai na taɓa mata inda muka shekara huɗu muna kewayewa.

Da hutu ya zo na shiga bas a Terminus zuwa Bukuru, daga can na sami ta Kuru. Na tarar da gida yadda na bar shi: rumbuna biyu, ɗakin girki mai baƙin rufi, kaji na tono a gindin ƙerana, dankalin Turawa ya yi kore a gonar bayan gida yana fitar da fure. Kwana biyu ina zagaye Mama. Na ɗebo ruwan da ba a aike ni ba, na share tsakar gida sau biyu, na yi surfen acca har tafin hannuna ya tashi, ita kuwa tana kallona ta gefen ido tana cewa birni ya gyara mata 'ya. Ranar ta uku da la'asar muka zauna regaya. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san haƙurin da aikin nan ke ci ba, domin ƙwayar acca da yashi kusan girmansu ɗaya. Sai a zuba ta a ƙwarya da ruwa, a riƙa karkatawa a hankali tana gangarawa wata ƙwaryar, yashin ya kwanta a ƙasa, a zubar, a sake, har sau nawa. Mama ta fi kowa iyawa a unguwarmu, ba a taɓa tauna yashi a gwatenta ba. Ina kallon hannunta yana juya ƙwarya, ban shirya ba, na ji bakina ya ce, "Mama, Chundung tana da wushirya?" Hannun ya tsaya. Ruwan ya daina motsi a ƙwarya. Ba ta dube ni ba, ta ƙarasa wannan juyin, ta tsane accar, ta tashi ta shiga ɗakin girki. Da aka sauke abinci ta zuba wa kowa, ita ba ta ci ba. Na yi da-na-sani, na tsine wa fensirin Nkechi a zuciyata, na haɗa da Madam da rigar sanyinta.

Da safe za mu tafi cire ciyawa a gonar dankali, Mama tana ɗaura ɗankwali ta ce mini in ɗauko littafin makarantar. Anti Vou ce ta aiko mata da saƙo cewa akwai wani rubutu da ya hana ni sukuni, wannan sai daga baya na sani. Muka yi aiki har rana ta ɗaga, sannan ta zauna a kan wani falalen dutse a gefen gona ta ce in karanta mata abin da ya sa na yi tambayar jiya. Na buɗe rubutun farko. Mama ba ta jin Turanci, don haka nakan karanta layi in juya mata shi da yarenmu. Tana saurare, fuskarta tana kallon duwatsu. Wurin akuya ta yi ɗan murmushi. Da na zo rafi, na ce an goya ni ina dariya, sai ta ɗaga hannu. "Ba haka aka yi ba," ta ce. "Kuka kike yi, har kika cije ta a kafaɗa. Chundung ta nuna mini shatin haƙoranki." Sunan ya fito da ƙyar, kamar mai ɗaga dutsen niƙa, ta tsaya ta numfasa. Bayan haka kuma ba ta jira na yi tambaya ba. Ta ce a rafin nan silifas ɗin Chundung ɗaya ya tafi da ruwa, ta wuni tana ɓoye ƙafa a bayan dami don kada a yi mata faɗa, alhali tun daga nesa an gani. Ta ce ba ta da wushirya, haƙorinta na gaba ne ya gutsure a kan ƙwallon atili, shi ya sa take rufe baki da hannu idan za ta yi dariya. Ta ce tana da tabo a haɓa, muryarta kuma kakkaura ce, a ƙungiyar mawaƙan coci kullum a baya ake ajiye ta amma ta fi kowa ɗaga murya. Mama tana faɗa tana dariya, hawaye na gangarowa ba ta share ba. Ni kuwa littafi a kan gwiwa, ina rubutu a gefe da sama da tsakanin layuka, hannuna duk ƙasa, kuma a hankali fuskar ta fara dawo mini.

Baba yana can kunya biyu daga inda muke, ya juya mana baya, fartanyarsa ba ta tsaya ba tun da aka fara. Na ɗauka ba ya ji. Sai da Mama ta gama ya miƙe, bai juyo ba, ya ce, "Bahaguwa ce. Rubuta wannan. Ranar ta ƙi ɗaurin dami, ta karɓi laujena ta shiga layin maza." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya saɓa fartanya ya tafi can ƙarshen gona, inda babu wata ciyawar kirki, ya daɗe bai dawo ba.

Sabon rubutun ya kai shafi huɗu, kuma bai kai na farko tsabta ba. Nkechi ta karanta shi a kan matakalar ajinmu, tana jan hanci. Na ɗauka wannan karon na tsira. Ina! Sai ga fensir ya fito daga cikin gashinta. Ta ce sakin layi na ƙarshe, inda na yi bayani cewa Allah ne ke bayarwa shi ne ke karɓa, ya yi kama da wa'azin fasto, in cire, mai karatu ya riga ya ji. Ta kuma ce gayyar ta yi tsawo, in rage. Na cire wa'azin, domin ta yi gaskiya. Gayya kuwa na ƙi taɓawa, domin a cikin layin mazan nan yanzu akwai yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da lauje a hannun hagu, kuma ina so a daɗe ana kallonta. Na ba ta haƙuri kan abin da na rubuta game da babanta, ta ce ta yafe in dai zan riƙe mata igiya mako guda ba tare da na nemi nawa juyin ba, na kuwa riƙe. Madam Rifkatu ta tambaye ni ko ta karanta wa aji, na ce a'a, ba ta matsa ba. Ban zo na ɗaya ba ma, wani da ya rubuta labarin wasan ƙwallo ne ya zo, kuma har yau ina ganin an cuce ni.

A gida abin bai canza dare ɗaya ba. Sunan ya riƙa dawowa ne kaɗan-kaɗan, a tsakiyar aiki, ba tare da shiri ba. Mama tana yanka gauta sai ta ce Chundung ba ta son ta, tsincewa take yi tana zuba mini. Ranar da baƙi suka zo daga coci aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, na ji ta faɗi adadin duka, ta ce ɗaya ta riga mu. Baba bai ƙara cewa komai ba, amma ya daina ɗaukar fartanya ya hau wasawa.

Yanzu ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Jos da 'ya'ya uku. Gayya ta yi wuya a Kuru, acca kuma a leda nake sayenta, an riga an wanke, ba ƙwarya ba yashi. Tafkin nan masu noman rani sun kewaye shi da injinan ban ruwa, kabeji ya yi kore har bakinsa. Su Nkechi sun koma Gabas tun kafin mu gama sakandare, ban da adireshinta, ban kuma taɓa yi mata godiyar da ta dace ba. Babbar 'yata a waya take rubuta insha'inta, wayar tana gyara mata tun kafin ta kai aya, rubutun ya fito tas, ta tura wa malami ba tare da wata ƙawa ta gani ba. Nakan so a ce akwai wata mai musu a bayanta. Mama ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, Baba ya bi ta bayan shekara biyu. Ba a taɓa ɗaukar Chundung hoto ba, don haka idan yarana suka tambaye ni kamannin yayata, shafuka huɗun nan nake ɗaukowa daga ƙasan akwati in karanta musu, kuma ni kaina ban ƙara iya rabe abin da na tuna da abin da aka ba ni a kan dutsen nan ba. Ina kewarsu su duka. Da na jira sai na girma kafin in yi tambayar, da ban sami wanda zan tambaya ba.